Waƙoƙin Ruth da Allon da Ya Ƙone

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
9 ga Yuni, 2002

Zuwa ga 'yata Janet,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Timothy da yara. Yaya aiki, yaya Abuja? Ni ina nan yadda kika bar ni Kirsimetin bara waccan, sai dai ƙafar hagu ta ƙara nauyi, hannu kuma ya ƙara rawa. Za ki gani a rubutun.

Wayar hannun da kika aiko da direba ta iso. Na gode. Tana nan cikin kwalinta a kan kabad. Na gane nufinki, kina so ki riƙa jin muryata minti biyu ki ce kin gaishe ni. Ni kuwa abin da zan faɗa ba ya shiga minti biyu.

Kwamfutata ta mutu. Ranar Talata da la'asar ana yayyafi aka ɗauke wuta, aka maido da ita da ƙarfi, na ji wani ƙas, sai ƙauri kamar ana babbake kaza. Tun daga nan ba ta sake motsi ba. Na san za ki ce dama ta tsufa, tun da a gwanjon ofishinmu na same ta shekarar da na yi ritaya, kuma a lokacin ma ba yarinya ba ce. Amma akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, domin ba ki taɓa zama har mu kai ga maganar ba.

Waƙoƙin mamarki Ruth suna ciki. Duk waɗanda ta tsara wa zumuntar mata da yarenmu, guda sittin da uku. A shekararta ta ƙarshe, da ta daina iya tashi, takan rera mini su daga kwance, ni kuma in ɗauka da gajeren rubutu irin namu na akawu, in je in buga. Wata waƙar sai mu yi kwana huɗu a kanta, saboda numfashi.

Za ki tambaya ina takardun da na ɗauka a kai. Na yage su. Shekara talatin da biyar ina buga tafireta a ofishin gwamnati, kuma abin da aka fara koya mana shi ne, da zarar an buga kwafi mai tsabta sai a yaga daftari, kada biyu su yi yawo. Hannuna ne ya yi, ban ko yi tunani ba. Za ki sake tambaya me ya hana ni fitar da su a takarda. Ban gama gyara ba. Ban taɓa barin takarda ta bar teburina da kuskure ba, ba kuwa a kan aikin Ruth zan fara ba. Saura waƙa bakwai in gama dubawa. Na riga na yi wa matan coci na gida Zonkwa alkawari zan kai musu littafin a Disamba, lokacin da za ta cika shekara biyar da rasuwa.

Na ɗauki tasi na kai kwamfutar Tarauni wajen wani mai gyara, Suhaib, magidanci ne mai natsuwa, shagonsa na bayan kasuwa. Ya buɗe cikinta ya nuna mini. Babban koren allon da komai ke maƙale a jikinsa, wanda suke kira madabod, shi ne ya ƙone. Rubutu kuwa ba a nan yake zaune ba, yana cikin wani akwatin ƙarfe mai nauyi kamar bulo, had-dis, kuma ya ce da alama wuta ba ta taɓa shi ba.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Wannan akwati tsohon yayi ne, ba ya magana sai ta wani dogon kati, katin kuma ba ya shiga sai a wani dogon baƙin rami da ke jikin allo. Allunan yanzu ramukansu gajeru ne farare. Sai an samo allo sa'an nata.

Zan nema. Ki gaida Timothy, ki shafa mini kan yara.

Mahaifinki,
Markus


Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
28 ga Yuli, 2002

'Yata Janet,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan zazzaɓin ƙaramar 'yarki ya sauka. Nan ruwa ya sauka sosai, lungunmu ya cika, sai da sanda nake tsallakawa. Hajiya Safara'u ta maƙwabta tana aiko mini da kunu da safe, Allah Ya saka mata. Ita ce take sanin na tashi ko ban tashi ba.

Na karanta takardarki, layi tara. Kin ce in daina wahalar da kaina, ofishin ɗan majalisar da kike wa aiki an sauya musu kwamfutoci, za ki aiko mini da sabuwa. Janet, kin karanta tawa kuwa? Ko kin ba wani ya karanta ya gaya miki kanun? Sabuwa ta san mamarki ne? Tun da farar hula suka dawo kuka koyi magana ɗaya a can, a zubar a sayo sabuwa. Kada ki aiko.

Ga inda aka kwana. Allo uku muka gwada.

Na farko wani ɗan'uwan Suhaib ne ya kawo daga Sabon Gari. Kyakkyawa, sai ƙyalli. Ko ramukan kusoshinsa ba su zo daidai da gidan kwamfutar ba, bakin wutarsa ɗaya ne dogo, na tawa kuwa biyu ne da ake jerawa baƙaƙen wayoyi a tsakiya. Kin ga har na koyi wannan a tsufana.

Na biyu ni na samo da kaina a Daurawa, wajen wata makarantar koyon buga takardu da ta rufe. Yana da baƙin ramin. Na hau acaɓa da shi a ƙirji kamar jariri, ni da likita ya hana hawa babur. Suhaib ya ɗaga shi sama ya nuna mini inda wani ɗan batiri ya zubar da ruwa ya cinye jijiyoyinsa, wurin ya yi kore shar. Mushe na ɗauko.

Na uku ya kama wuta, fanka ta juya, har ya yi ƙara sau ɗaya. Na miƙe tsaye. Sai ya ƙi sanin katin, kamar yadda ma'aikatan yanzu ke yi mini in na je sakatariya.

A ranar ne aka yi abin da ya tsaya mini a rai. Shagon a cike yake da maza, wasu sun zo karɓar kaya, wasu hira kawai suke ta siyasa, wa zai sake tsayawa, wa zai faɗi. Wani mai baki a cikinsu ya ce, Baba, wannan ai gidan tarihi ya kamata a kai ta, ku tafi tare. Aka yi dariya. Suhaib ya tsawata masa, sannan ya juyo ya ce, Baba, wai akwai wani abu mai muhimmanci ne a cikinta? Na ce masa, 'yan takardu ne kawai, hannuna ne ya saba da ita.

Me kike so in ce? In tsaya a gaban sa'o'in 'ya'yana, ina da shekara saba'in da huɗu, in ce ina yawo kwararo-kwararo da waƙoƙin matata? Mu ba a haka aka rene mu ba. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ban taɓa kiran sunanta a gaban baƙo ba.

Wani tsohon abokin aikina, Malam Kabo, wanda ya riƙe sito a ofishinmu, an ce yanzu yana sayen tarkacen ofisoshi a Ƙauyen Alu. In ƙafa ta yarda zan je.

Ki gaida mutanen gida.

Mahaifinki,
Markus


Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
18 ga Agusta, 2002

Janet,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Gajeriya ce yau.

An samu. Malam Kabo ya gane ni tun daga nesa, ya ce, Markus sarkin tafireta, ashe ba ka mutu ba? Na ce ina jira ka riga ni ka kama mana layi. Ya kai ni bayan gidansa, ga kwamfutocin gwamnati jibge a ƙarƙashin langa-langa, kaji na ƙwai a cikin wasu. Muka yi wuni muna juyawa, tsofaffi biyu, kowa na nishi. Can ƙasa muka tarar da 'yar'uwar tawa, iri ɗaya, har lambar sito da Kabo ya rubuta da hannunsa tana nan a gefe, tana bin lambar tawa. Tare aka kawo su ofis. Ya ce in ɗauka, kada in ɓata masa rai da wata magana.

Suhaib ya duba allon ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya ce in bar masa, in dawo ranar Alhamis, in huta da zirga-zirga. Ya ce zai yi mini aikin da zan yi alfahari da shi.

Ki gaya wa yara za su ga littafin kakarsu.

Mahaifinki,
Markus


Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
15 ga Satumba, 2002

Zuwa ga 'yata Janet,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ina fatan ke da Timothy da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Kin aiko direba ya tambayi dalilin shiruna. Ya same ni da rai, ya koma ya gaya miki. Ga sauran.

Kwamfuta ta tashi. Tana aiki fiye da yadda ta taɓa yi.

Ranar Alhamis ɗin na sa riga mai kyau na tafi Tarauni tun da hantsi. Na tarar Suhaib ya goge ta tas, har maɓallan da suka yi baƙi da yatsuna ya wanke. Ya kunna, yana murmushi. Na zauna na buga sunan wurin da nake ajiye waƙoƙin. Ta ce babu. Na ɗauka rawar hannu ce, na sake bugawa a hankali. Babu.

Sai yake gaya mini, cikin jin daɗi, cewa shi ƙa'idar shagonsa ce, ba ya barin kwamfuta ta fita da tsohon datti. Duk wadda ya sauya wa allo sai ya wanke had-dis ɗinta tun daga tushe ya zuba komai sabo, don kada mai ita ya dawo gobe yana kuka. Ya ce tawa ma ya yi mata sau biyu saboda tsufanta, kuma wannan kyauta ce, don girmamawa. Har wasan karta ya sa mini a ciki. Ya ce, Baba, na lura kai kaɗai ne, za ta riƙa ɗebe maka kewa.

Ban san lokacin da na gaya masa ba. A gaban kowa na faɗa, har da mai bakin nan. Na kira sunanta. Na ce Ruth, sittin da uku, daga kwance. Abin da na kasa faɗa da murya ƙasa a watan Yuli, na faɗe shi da ƙarfi a lokacin da ba shi da amfani. Suhaib ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa, ya riƙe kai. Can ya ce, Baba, ai na tambaye ka.

Ya tambaye ni, Janet. Na so in tsane shi, na yi mako ina ƙoƙari. Ya rufe shago kwana uku yana neman ko ɓurɓushi ya rage, ya kai akwatin wajen wanda ya koya masa aiki, bai sami ko harafi ba. Da kansa ya ɗauko kwamfutar ya kawo gida, ya kasa haɗa ido da ni. Shi ya yi aikinsa yadda aka koya masa. Ni ma da na yage takardun nan aikina na yi yadda aka koya mini. Mu biyu masu tsabtar aiki muka haɗu muka share mamarki.

Kwamfutar na nan a kan tebur, na rufe ta da zanen zumuntar Ruth. In direba ya sake zuwa ya ɗauka, yara su yi karta.

Na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kullum da safe bayan kunu ina zama in rubuta abin da na tuna. Na sami tara cikakku, da gutsattsarin wasu kamar ashirin. Ni mai bugawa ne, ba mawaƙi ba. Kalmomin sun bi ta yatsuna sun wuce, kamar dubban takardun gwamnati da na buga ban riƙe ko ɗaya ba. Na rubuta wa matan Zonkwa, amma waɗanda suka yi waƙa tare da ita yawanci suna maƙabarta, matasan kuma da Hausa suke rerawa.

Akwai ɗaya da ba ta coci ba ce. Wadda take yi miki in zazzaɓi ya kama ki, ta matar da ta ɗauko citta a ka ta tarar rafi ya cika. Ina da farkonta, ina da ƙarshenta inda ta tsallake. Tsakiyar ta ɓace mini, ban san me ta ce wa rafin ba. Ke aka yi wa ita. Na san kin bar yaren, na san laifina ne da na hana a yi shi a gida don ku iya Turanci. Amma in wani abu ya maƙale a kunnenki, ko sautin ne kawai ba ma'ana, rubuto shi yadda kika ji. Kada ki kira. Rubuto.

Na kwafe taran nan a bayan wannan takarda da shafi biyu da na haɗa. Akwai kurakurai, akwai inda na soke, akwai inda hannu ya zame. Ban gyara ba. Wannan ce takarda ta farko da ta bar teburina a haka.

Kada ki yaga.

Mahaifinki,
Markus