Tsohon Karena da Gizo-gizo Mai Fito

Anti Noelene, ki taimake ni, kaina ya kulle.

Shekaruna sittin da ɗaya, ina zaune ni kaɗai a garin Mareeba da ke jihar Queensland ta Ostireliya tun rasuwar maigidana Graham. To, ba ni kaɗai ba, akwai Mozzie, tsohon karenmu. Ban san yadda aka yi na faɗa kallon bidiyon tarantula ba, manyan gizo-gizon nan masu gashi. Wata uku ina kallon Amurkawa suna ɗora su a tafin hannu kamar 'yan tsaki. Kowa cewa yake sabon shiga ya fara da na ƙasar Chile, mai sanyin hali. Na sayi akwatin gilashi, na zuba ƙasa, har suna na raɗa wa wadda zan saya, Doris.

Da na je shagon dabbobi a birnin Cairns, mai shagon ya yi ta min dariya. Wai haramun ne shigo da na waje Ostireliya, sai dai namu na gida, masu fito idan ransu ya ɓaci. Wai ba a taɓa su, ga gudu, ga cizo, kuma suna shige rami su yi makonni ba ka gan su ba. To me zan kiwata ke nan, rami? Ya nuna min iri uku, duk launin ƙasa, wallahi ban ga bambanci ba. Ina fita ya ƙara da cewa cizonsu ba ya kashe mutum, amma yana kashe kare. Mozzie kuwa har cikin takalmina yake cusa hanci.

Ni dai abin da zan riƙe a hannu nake so. Wanne zan ɗauka?

Mai akwati babu kowa

'Yar'uwata,

Da farko ki manta da Doris ta Chile. Duk wanda ya ce zai samo miki ita a ɓoye, ki rufe masa ƙofa.

Sha'awarki ba shirme ba ce. Namu na gida suna da daɗin kiwo: gyare ɗaya a mako, ɗan ruwa, shi ke nan. Idan kin nace, ki nemi mai gashin ƙafa na busasshen daji, masu kiwo sun ce ya fi sauran haƙuri. Ki saya wajen mai kiwo, ba wanda aka tono daga daji ba, ki tambayi batun izini, murfi kuma ya zama mai makulli.

Amma mai shagon bai yi ƙarya ba. Mantuwa ɗaya da murfi ta isa ki rasa Mozzie, kuma macen takan yi shekara goma ko fiye. Don haka shawarata ki jira. Gizo-gizo ba za su ƙare a Queensland ba, Mozzie kuwa kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Kin ce abin riƙewa a hannu kike nema. Babu gizo-gizon da zai ba ki wannan. Na tabbata lokacin da kike rubuto min, Mozzie yana kwance a kan ƙafarki. Ki sunkuya ki shafa shi.

Allah ya ƙara muku lafiya ku biyu.

Anti Noelene