Kaset Ɗin Malam Inuwa

Leeds, Ingila
14 ga Yuni, 1999

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Inna? Ya mutanen Gyadi-Gyadi da murnar komawar soja bariki? Ni lafiya lau, karatun ne dai ya tsaya.

Kaset ɗin gaisuwarku ya iso. Yaya, wanda na ajiye a akwatina a gida ne kuka ɗauki muryoyinku a kai. Hirata ce da Malam Inuwa na Tarauni, wanda ya shekara talatin yana riƙe da takardun ma'aikatarsu, komai a kansa yake. Digirina a kan yadda ma'aikatu ke asarar ilimin tsofaffinsu ne, kuma shi ne babban shaidata. A kaset ɗin na ji kina sanar da ni rasuwarsa. Laifina ne, ban rubuta komai a jikin kaset ɗin ba.

Malamina na jami'a ya ce in sake hirar.

Kada ki gaya wa Inna. Kullum sai na saurari addu'arta. Tana cewa amin, sai muryar Malam Inuwa ta fito: "To, wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai kai." Sai kaset ya ƙare.

Allah ya jiƙansa.

Ƙaninki,
Ashiru