Ƙashi a Miyar Inna

Zuwa ga Yayata Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah ya kai haske kabarinki, na san wannan takarda ba za ta taɓa isa hannunki ba. Duk tashar Cadawa babu direban da ke lodin inda kike. Amma cikina ya cika da magana, kuma ke kaɗai na saba juye wa, sai ki yi haƙuri da ni yadda kika saba.

Gida lafiya lau. Tsohuwarmu tana nan da ciwon gwiwarta, bakinta kuwa ko ciwon kai bai yi ba. Gero ya yi kyau bana a gonar nan mai gawo, an ɗaure an zuba rumbu. Jar akuyarki ta haifi tagwaye, kuma har yanzu ba ta daina satar dusa ba. Mijinki ya tafi cin rani ya bar mini Balki kamar yadda kika roƙa. Zancen ƴar taki ne ya sa na ɗauki bik ina rubuta miki.

Tun rasuwarki aka miƙa mini ajinki a jardan, na ƙananan nan da ba su isa shiga lakol, makarantar boko, ba, har da Balki a cikinsu. Waƙa na iya, rabon faɗa na iya, share majina kuwa ai tun ina mataimakiyarki na ƙware. Abin da ban taɓa yi ba shi ne zaɓen littafin hotuna da ake karanta musu da hantsi a gindin itacen bedi. Wannan aikinki ne. Ina tuna ki a tsakar gida, kin miƙe ƙafa a tabarma, kina karanta kowane littafi da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe kafin ki kai shi aji, ni kuma ina tsokanarki wai akuyoyi kike koya wa boko.

Ana nan sai aka aiko mana wani kwali daga buro, ofishin makarantu da ke garin Agiye, wai kyautar wasu masu son yara ce daga nesa. Yaya, da na buɗe shi sai da na toshe hanci. Warin fitsarin ɓera ya daki fuskata, gara ta riga mu karanta na ƙasan. Na zazzage sauran na shiga dubawa. Na farko alade ne sanye da riga da wando, zaune a tebur yana shan miya da cokali, wai shi ne jarumin labarin. Wani kuma kare ne ya hau gadon yaro yana lasar masa baki, uwar na tsaye tana dariya. Har yau in na tuna wannan harshen sai yawu ya taru mini. Wa ya zauna ya ga wannan ya dace da ƴaƴan Cadawa? In yaro ya koma gida ya ce malama ta nuna musu alade mai wando, da wane ido zan kalli ubansa? Kin fi ni sanin irin wuyar da kika sha kafin makiyayan nan na bayan gari su yarda su kawo nasu. An ce ba a raina kyauta, ni dai wannan na raina ta, Allah ya yafe mini.

Can tsakiyar tarkacen sai ga wani siriri, da Hausa. Ga danga, ga rumbu, ga kaji, ga wata mata a gaban murhu. Baƙa ce mai wushirya, ta karkata ɗaurin kallabi gefe guda yadda kike yi. Na daɗe ina kallonta. Ban karanta ko layi ɗaya ba, na cusa shi a jaka ina murna na tsinci dami a kala. Ashe kyan ɗan maciji ne.

Washegari na tara su a gindin bedi na buɗe. Kafin in ce uffan Balki ta miƙe, ta zo ta ɗora yatsa a kan matar nan, ta shaida wa duk ajin cewa wannan Innarta ce. Ban musa ba. Ke ce a wurina, za ki musa?

Kin san karatun Hausata. Faransanci aka dura mana a lakol, Hausa kuwa lalube nake yi harafi bayan harafi, abin da idona ya gani shi bakina ke furtawa. Su kuma waɗanda suka buga littafin sun zubar da duk ƙugiyoyin haruffa, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ko ɗaya ba su bari ba. Tun shafin farko na zaunar da yaran labarin a kan kasa maimakon ƙasa, wani ɗan makiyayi ya ɗage ƙafafunsa yana duba tabarma ko macijiyar ta iso. Da ina da wayo da nan na rufe. Na ci gaba, har na zo inda matar ta ɗauko ƙashi za ta sa a miya. Babu ƙugiya. Na karanta abin da ke rubuce, da ƙarfi, da muryar tatsuniya: Inna ta ɗauko kashi ta jefa a miya. Mai zanen kuma, don abin ya cika, ya yi wani dunƙulen abu ruwan ƙasa a hannunta wanda bai yi kama da komai ba. Shafi na gaba ga mutanen gida suna suɗe yatsu.

Kunnena ya ji abin da na faɗa bayan bakina ya riga ya saki. Yara suka kwashe da dariya, wasu na tofar da yawu, wasu na birgima. Na yi ta gyarawa ina nanata ƙashi, ƙashin nama, amma magana zarar bunu ce. Kafin a tashi sun raɗa wa Balki suna ƴar mai miyar kashi. Ita kuwa ba ta yi kuka ba, ta zauna tana kallon hoton kawai.

Daga ranar ta daina cin miya. Tuwon da miya ta taɓa ma sai ta ture shi. In ta ji ƙamshin daddawa sai ta fara yunƙurin amai. Gaya da ruwa take ci, wani lokaci ɗan fura, wuyanta ya fito, zanenta ya fara zamewa. Tsohuwarmu ta ce iska ce, a nemo rubutu. Ni na san iskar, a jakata na kawo ta gida.

Yaya, raina ya ɓaci har ban san wa zan fi jin haushi ba. Mutanen da suka buga wa yara littafi da harshen da ba su damu su rubuta shi daidai ba, ko ƴan ƙugiyoyin nan nauyi suka yi musu? Babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya buɗe baki ya karanta ya ji? Ko kuwa ni, da na ga fuska mai kama da taki na manta da aikina? Ƙyama nake ji har cikin ƙashina, kuma ki lura na sa masa ƙugiyarsa.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Duk tsokanar nan da nake yi miki, sha'awarki nake yi. Ina son yadda yara ke yin tsit in kin buɗe littafi, ina fatan wata rana in iya rabin haka, girman kai na ƙanwa ya hana ni faɗa. Kuma ina jin haushinki, ki yafe mini. Me ya sa kika tafi kika bar mini aji da yarinya lokaci guda? Wa zan tambaya yanzu?

Na yi niyyar cusa littafin a murhu, na nema na rasa. Sai da na zo kakkaɓe tabarmar Balki na same shi a ƙarƙashi. Ashe ita ta ɗauke. Na laɓe na ga yadda take yi da shi: tana buɗe shafin matar ta shafa mata fuska, in ta zo shafin tukunya sai ta runtse ido ta wuce da sauri. Tana son ki, tana ƙyamar abin da aka ce kin yi, kuma duka biyun sun yi wa ƴar shekara huɗu yawa. A nan na gane in na ƙone shi, da ke zan ƙone, kuma ƙaryar za ta zauna mata.

Ran kasuwa na je wurin mahauci na zaɓo ƙashin ƙafar saniya mai ɓargo. Na zauna da bik na bi littafin shafi shafi ina mayar wa kowane harafi ƙugiyarsa. Sannan na ɗora tukunya na kira Balki. Na buɗe shafin da take gudu, na ajiye ƙashin kusa da hoton, na gaya mata wannan ne a hannun Innarta, ni ce bakina ya karkace. Na sa ta faɗi kalmar tare da ni har ta fito mata daga maƙogwaro. Ta tambaye ni ko na tabbata kin taɓa sa irinsa a miyarki. Na rantse mata na ci da bakina, kuma duk unguwarmu babu mai miyar kuka irin taki. Da hannunta ta jefa shi a tukunya, ta tsaya a kansa har ya nuna.

Ƴan ajin ba su gama sakin sunan ba tukuna, wannan yaƙin yana gabana. Amma ta ci, Yaya. Ta fara da dangwala yatsa, ta koma loma, ta zuƙe ɓargon har yana bin haɓarta. Da ta gama sai ta ɗauki ƙashin da maiƙonsa ta ɗora a kan shafin, daidai hannun matar, ta ce an bar wa Inna nata. Takardar ta jiƙe da mai, miya ta ɓata rubutun da na gyara. Ni da na kwashe kwanaki ina ƙyamar littafin nan, na kasa kai hannu in goge.

Ki huta lafiya, Yayata. Allah ya jiƙanki, ya sa Aljanna ce makomarki, ya ba ni ikon riƙe miki amanarki.

Taki har kullum,
ƙanwarki Sa'a, daga Cadawa.