Gurguzun Kaka Ya Dawo Gida

Garin Hajj Abdalla, Jazira
Watan Sha'aban, 2004

Zuwa ga ƙanwata Sakina a Jidda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Abdussalami da yara. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, dawa ta cika hawasharmu, wato gonarmu, maigidana Hashim kullum yana bakin tur'a, magudanar nan, wajen ban ruwa. Amma ba wannan ya sa na zauna rubutu ba. Albishirinki, Sakina: Iya ta tashi, tana cin abinci, jiya har faɗa ta yi mini!

Na ɓoye miki yadda jikinta ya yi don kada hankalinki ya tashi. Tun rasuwar Baba ta daina ci. In na kawo kisra, wainar dawar nan, ta gutsura kaɗan ta ture, in na dama kunu ta kurɓa sau ɗaya ta juya wa bango fuska. Mun kai ta wajen hakim, wato likita, ya duba ya ce bai ga ciwo ba, amma in ta ci gaba haka ƙarfinta zai ƙare. Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta ce ba abin da ranta ke so sai miyar sure da daddawar batso irin ta mahaifiyarta, Kaka. Na yi maza na sayo gurguzun karkade, suren mutanen nan, a kasuwa, na dafa, na rufe, na yi iyakar abin da na tuna. Ta sansana kawai ta ce Allah Ya yi mini albarka, amma wannan ba namu ba ne. Kin san namu irin ya lalace tun shekarar da ruwa ya rusa rumbu, mu kuwa muka saba da dunƙulen kanti, ba wanda ya damu.

Ana haka sai wata baƙuwa da ta zo gaisuwa daga Rusairis ta ce ai ta sha miya mai irin wannan ƙamshi a gidan Inna Maijidda, 'yar ƙanwar kakarmu. Washegari na hau motar hafila zuwa can. Na tarar da tsohuwa a bayan ɗakinta, ga sure jajir ya fi ni tsawo. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ranar da za a kai ta gidan miji Kaka ta ɗaure mata cikin hannu na gurguzu a tsumma, kamar yadda take yi wa kowace 'ya da za ta bar gida, kuma tun daga ranar damina ba ta taɓa wuce ta ba ta shuka ba. Ta cika mini ƙwarya, ta hana ni ko godiya, wai kayanmu ne ya koma inda ya fito.

Da na zuba wa Iya a tafin hannu, ta daɗe tana murza shi. Na ware na shuka a gefe, na shiga aikin daddawa ni kaɗai a tsakar gida. Ina shirin zuba kanwa a tukunya sai na ji murya a bayana, na waiwaya, ga Iya tsaye riƙe da ƙyaure, matar da sai an ɗaga ta take zama. Ta ce, "Ke Huseina, wa ya koya miki ɓarna? Ajiye kanwar nan, ki ƙona karan dawa ki tace mini toka." Aka ɗauko mata gadon angarib aka sa a inuwa, tana zaune tana ba da umarni: a dafa har ƙwaya ta murƙushe tsakanin yatsu, a daka, a rufe cikin tukunyar ƙasa, kada wanda ya leƙa sai warinta ya kira mu da kansa.

'Yata Rayan ta share wajen turmi za ta zubar da sharar, Iya ta tsayar da ita, ta sa ta tsince ƙwayoyin da suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Ta ba ta labari, rabi da Hausa rabi da Larabci don ta gane sosai, cewa Kaka ta taso da wannan iri daga ƙasar Sakkwato a ƙulle a bakin zane, da ƙafa, kan hanyar hajji. Yunwa ta kama ayarinsu a hanya har suka ci ganyen daji, amma ba ta kwance ƙullin ba, ta ce wanda ya cinye iri ya cinye abincin jikokinsa da ba a haifa ba. Yarinyar da ke toshe hanci in ta ji daddawa, ita ce ta dunƙula mana da hannunta.

Ran da na yi miyar da tuwon dawa, Iya ta cinye malmala guda ta nemi ƙari, sannan ta ce gishiri ya yi kaɗan. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi kukan daɗi.

Yanzu ga saƙo. Alhaji Maliki na nan garinmu zai zo umra da azumi, zai kawo miki daddawa a gwangwani, da wani ɗan ƙullin gurguzu daban. Iya ce ta ɗaure shi da kanta. Ta ce an kai ki gidan miji hannu wofi saboda lokacin babu irin, abin yana ci mata rai shekara da shekaru. Na ce mata a bene kuke, ba ku da ko taki ɗaya na ƙasa. Ta ce ko a tsohuwar roba ne ki shuka, ki ajiye a taga, kuma in ya yi 'ya'ya ki ware na 'yarki Hanaa tun yanzu.

Iya na sa miki albarka. Hashim da yara, Nasir da Rayan, suna gaishe ku. Ki gai da Abdussalami, ki shafa mini kan Hanaa da Khalid, ki sa mu a addu'a in kin je Harami.

Taki har kullum,
Yayarki Huseina