Dutsen da Na Sa a Kan Kabarin Ƙaninka

Soundview, Bronx, New York.
9 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga Yaya Jibrin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girma da ban girma, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Hajara da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan, Ya ja da ranka. Mu nan lafiya ƙalau, sai sanyi da ya fara shigowa. Ina nan ina fama da aikin asibiti, 'yarka Humaira kuma ta samu aiki a Queens. Har yau in na yi mata Hausa da Turanci take amsawa, amma in faɗa ne tana ganewa tsaf.

Yaya, saƙonka ya iso ta bakin Yaya Hajara, cewa ranka ya ɓaci da ka ji na shiga maƙabarta ina mace, har na sa an kafa dutse mai suna a kan kabarin ƙaninka, ka ce maza a cire. Da gangan na ƙi kiran waya, don na san in na ji muryarka kunya za ta ɗaure mini baki. Ka yi haƙuri, ban taɓa musa maka ba, amma dutsen nan ba zan cire shi ba.

Ka tuna ɗan tsibirin nan na kusa da Zanzibar da aka tura ƙaninka Malam koyarwa, inda zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana huɗu. Masunta ne suka yi masa sutura, suka kai shi gindin wata kuka a bakin teku. Ni na roƙi a ɗora masa fasasshiyar tukunya kawai, yadda muke yi a gida, ban taka wurin ba, ta taga na bi su da ido. Shekara ashirin da ɗaya ke nan. A watan Agusta na ɗauki Humaira muka koma, don ta ga inda mahaifinta yake. Wallahi Yaya, ban gane garin ba! Inda mata ke shanya ciyawar teku ya zama kujeru da laimomi, baƙi kwance a rana kusan tsirara, kiɗa na tashi tun hantsi. Makarantar da Malam ya koyar ta zama shagon tsaraba. Saeed, masuncin da ya haƙa kabarin, ya tsufa, ya bar kamun kifi, yanzu yawo yake kai baƙi a kwalekwalensa. Yana ganina ya riƙe baki, ya kira ni matar Malam.

Shi ya gaya mini wani otal ya saye filin har da kukar, za su shimfiɗa daɓe a yi wurin cin abinci a ƙarƙashinta. Dattawan gari sun yi ta ja, aka tsaya a kan duk kabarin da ke da suna, kuma dangi suka tsaya masa kafin ƙarshen wata, za a kewaye shi a bar shi. Sauran kuwa fili ne. 'Yan gari duk sun yi wa nasu alama, Malam ne kaɗai baƙo. Saeed ya ce sau biyu yana zuwa wurin manajan, aka ce masa guntun tukunya ba shaida ba ce. To Yaya, a nan ne zan tsaya daga waje ina jiran namiji ya zo daga Zariya? Na tattare zanena na shiga. Na tarar da tukunyar ta nutse rabi a rairayi, ga turken masu awo da jan ƙyalle an kafa shi daidai kansa. Na durƙusa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar.

Washegari aka taru, manaja da dattawa da mai sassaƙa dutse, aka ce matarsa ta faɗi sunan mamacin a gaban shaidu. Kai shaida ne, shekara shida muna tare, bakina bai taɓa kama sunansa ba, ko bayan ransa Malam nake cewa. A nan New York ma in aka tambaya a ofis, rubutawa nake in miƙa. Humaira ta ce bari ta faɗa, na ce a'a, ni aka tambaya. Na faɗa, kiɗan otal ya danne muryata. Na sake, manajan ya kanga hannu a kunne. A na uku na ɗaga murya har baƙin da ke kwance suka waiwayo.

Na san abin da malamai suka ce, kuma ban gina komai ba, dutse ne taƙi biyu, suna da shekara kawai. In laifi ne, a wuyana yake, zan roƙi gafarar Ubangiji da kaina. Amma na gwammace in amsa tambaya a kan dutse da in bari a jera tebura a kan ƙaninka ana shewa. In har ka dage sai an cire, hanya a buɗe take, ka je da hannunka ka tumɓuke shi, sannan ka tsaya ka ga abin da za a ɗora a wurin. Ni dai ba da ni ba.

Ka gaida Yaya Hajara, da Rilwanu da amaryarsa, da Inna Tahiratu, a ce mata maganin idonta na nan tafe. Humaira na gaishe ka, ta ce hoton kabarin na cikin ambulan, in ka ga dama ka duba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Halima Sa'adiya, matar Muniru.