Na Ce wa Babana Ciwonsa Ya Mutu

Salama gare ku masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku yanke mini hukunci, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Babana manomin doya ne a Kagoma, ni kuma ina koyarwa a Kafanchan. Bara aka gano yana da ciwon daji a dubura. Likitoci suka ce sai an fara gasa ciwon da na'ura, a haɗa masa da magani ciwon ya motse, sannan a yi aiki. Mutumin da bai taɓa kwana a asibiti ba ya rame kamar kara, amma bai yi ƙorafi ba. Abu ɗaya kawai ya faɗa mini: "In za su huda mini ciki su sa leda ina bayan gida a ciki, ki kai ni gida in mutu."

Da aka gama gashin sai aka tura mu Legas ɗaukar wani hoto na musamman. Ana yi wa mutum allurar wani irin sukari, ciwon da ke da rai ya shanye shi, sai wurin ya yi haske a hoton. In hasken ya dushe, magani ya ci. Na Baba yana nan jawur kamar garwashi. Likitar da ta nuna mana hoton ta yi mini bayani da Turanci cewa ciwon bai ji magani sosai ba, dole a yi aiki da wuri, kuma da wuya ya tsallake ledar nan.

Baba ba ya jin Turanci. Ya taɓa ni ya ce, "Wannan wuta fa, mene ne shi?"

Na ce, "Magani ne yake aiki, Baba. Ciwo ya mutu."

Likitar ba ta jin Hausa. Ta ga yana murmushi, har ta yaba masa ƙarfin hali.

Me ya kai ni? Cewa na yi bari ya samu barci mai daɗi tukuna, sai in lallaɓa in gaya masa. Kafin motarmu ta kai Lokoja ya riga ya buga wa fasto waya. Muka iso gida muka tarar da zumuntar mata suna waƙa a ƙofa, mamata tana rawa tana kuka. Ta ina zan fara? Yanzu in na kawo zancen aiki sai ya ce, "Wanda Ubangiji ya warkar, wuƙa na me kuma?" Jinin da yake zubarwa a bayan gida tun farko ya dawo, ya ce basir ne. Mama ce ke wanke masa wando, kuma kallon da take mini kwanan nan ba na iya jure shi. Kunya da tsoro sun hana ni cin abinci.

Lahadin nan zai yi godiya a coci. Ya ware manyan doyarsa, ya ɗaure bunsuru. Jiya ya kira ni ya ce, "Ke ne kin ji Turancin likita. Za ki tsaya kusa da ni ki gaya wa ikilisiya abin da ta ce."

In na faɗi gaskiya, ya riga ya zaɓi kabari a kan leda. In na yi shiru, ciwon yana cinsa, kuma zan yi ƙarya a gaban bagadi. Me zan yi?