Rawayar Inna a Tsakanin Bulo

Auta,

Gaisuwa irin wadda ta wajaba, ban ƙara komai a kai ba. Na rufe lambarka a wayata, shi ya sa ka ga takarda.

Maƙwabciyarmu ta faɗa mini ka sare furen Inna, ka shimfiɗe tsakar gida da bulon intalok don motarka ta samu wurin kwana. Ka san daga daji Inna ta kawo rawayar nan, daga gefen gonar da aka mayar da ita shaguna. Ka san shekara ɗaya take yi ta mutu, sai an bar ta ta bushe a tsaye kafin a samu iri. Kai kuwa ka sare ta da ɗanyen kai, a shekarar da Inna ta rasu. Raina ya ɓaci, kuma ba zan yafe ba.

Ka gai da iyali, su ba su yi mini komai ba.

Yayarka

*

Yaya mai daraja,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Na ga saƙonki, har takardar zafi take yi.

Yaya, ciyawa ce fa. Ta yi baƙi, ta yamutse, baƙi na shigowa suna tambaya ko ba mu da fartanya. Motar kuma sau nawa ana yaga mini madubi a bakin titi. Ki yi haƙuri, zan saya miki fure na gaske a wurin masu sayar da shuke-shuke, har da tukunyarsa. Ki zo ki kwashe kayan ɗakin Inna, ki ga yadda gidan ya yi fes.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa, wannan karon da fara'ata.

Ka tuna zuwan da na yi kwasar kaya, na ce ka ba ni tsintsiya in share maka sabon daɓenka? Har kana gaya wa matarka Yaya ta sauko. Bakinka ya ƙi rufuwa.

To bari ka ji abin da na share. A ƙasan akwatin Inna na tarar da ƙulli a bakin tsohon ɗankwalinta, irin rawaya ne na bara waccan, bai cika tafin hannu ba. Na cuɗa shi da yashi, na bi daɓenka layi-layi ina tura shi cikin tsagar bulo. Da ka taɓa tsugunawa kusa da Inna, da ka san wannan fure ba ya son taki, ba ya son a binne irinsa, ba ya son lallashi. Tsaga yake so da yashi da rana. Kai da kuɗinka ka gina masa gidan da bai taɓa samun irinsa ba.

Duka na zuba, ban rage ko ƙwaya ba. Idan ka kashe wannan, shi ke nan, babu sauran rawayar Inna a duniya, kuma hannunka ne ya yi sau biyu.

Allah ya kawo ruwan sama mai albarka.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa, duk da abin da kika yi mini.

Ya fito. Tun ruwan farko ya fito, kowace tsaga kore shar. Na tuge na gaban ƙofa, bayan wani ruwan ya dawo da 'yan'uwansa. Haushi ya sa na sayo maganin ciyawa, na cika famfon feshi, na jingine shi a bango da niyyar in gama da shi ranar hutu.

Da safen ranar na fito na tarar ya buɗe. Tsakar gida gaba ɗaya rawaya, ƙudan zuma sai kai da komo suke yi. Wanda ya fi tsayi yana daidai ƙarƙashin tagar Inna, inda take ajiye kujerarta. Na daɗe a tsaye da famfo a hannu, har matata ta leƙo ta koma. Kewar Inna ta kama ni, Yaya. Na kasa.

Ban ce kin kyauta ba. Mota tana waje, an sake yaga madubi. Ki faɗa mini yaushe ake cire irin, in cire in ba ki abinki, in samu gidana.

Ki buɗe lambata, don Allah.

Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Na gaishe ka.

Kar ka taɓa shi yanzu. Ka bari furen ya zube, ganyen ya yi baƙi, ya yamutse, baƙinka su fara tambaya ko ba ku da fartanya. Ranar da iska ta kaɗa ka ji kawunan suna ƙara kamar an girgiza ashana, ranar za ka tsuguna ka karkaɗe su a ɗankwali, da hannunka. Rabi ka aiko mini, rabi ka mayar cikin tsaga.

Motarka ta saba da titi. Lambarka kuma sai na ga ƙulli.

Ka huta lafiya.

Yayarka